Ƙwayoyin da Muka Ɗaura a Ciki

Shekara bakwai ke nan, a wannan daminar, da rasuwar yayana Garba, wanda mutanen Birnin Gwari suka fi sani da Garba Lab. Ni ce auta a gidanmu. Ɗinki nake yi a cikin gida, kuma karatuna bai kai inda zan tsaya in yi wa masu karanta jarida bayanin aikin asibiti ba. Amma na taɓa ɗaura aikin Yaya a cikina, na kwana da shi na tashi da shi, saboda haka ina ganin ina da bakin magana.

Abin da ya fama mini tsohon mikin wani ɗan abu ne da na gani makon jiya a wani kemis. Wata mata ta zo ta ce a ba ta kafso ja-da-yalo guda huɗu, biyu nata saboda cikinta na murɗawa, biyu na kajinta. Mai kemis ya zuba mata a takarda kamar mai sayar da gyaɗa, ko ɗago kai bai yi ba. Wallahi sai da na ji raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna za a ce matar nan ta cika shisshigi, na ja bakina na yi shiru. Da Yaya ne, ba zai yi faɗa ba. Cewa zai yi, “Baiwar Allah, zo ki ga wani abu,” ya kai ta har ɗakin aikinsa. Haka yake yi wa kowa, kuma haka ya yi wa surukata a makon da ake shawarar yanke ƙafar mijina.

Ɗakin nasa, wato lab ɗin da ake gwaje-gwajen cuta, yana can ƙarshen asibiti, bayan inda masu jinya ke girki. Taga ɗaya gare shi, a bakinta kuma madubin likita yake zaune, wato na'urar nan da ake leƙa ƙwayoyin cuta da ita. Biyu ne ma: sabo mai aiki da lantarki, da wani tsoho mai ɗan madubi a gindi wanda ke tattaro hasken rana. Tsohon ya fi shan wahala, don wuta a garinmu baƙuwa ce. Tun ina budurwa nake kai masa abinci, shi kuma ba ya barina in tafi sai na leƙa. A wurinsa na san cewa ƙwayar cuta ba ta da launin kirki, sai an shafa ta a ɗan gilashi, an busar, an rina ta kamar yadi, sannan ta fito fili. Wasu su kama shunayya, wasu su ƙi kamawa, su fito ruwan hoda. Na ga masu kawo maruru, ƙulu-ƙulu a cure wuri ɗaya kamar an zube ɗinya. Na ga masu kumbura maƙogwaro, a jere kamar carbi. Shekarar da aka yi amai da gudawa ya nuna mini nasu, 'yan lanƙwasassu, waɗanda a ɗigon ruwa ba sa tsayawa ido ya kama su. Sai ya ce, “Auta, dube su da kyau, ko a hanya kuka haɗu ki gane su.”

Sai kuma abin da yake kira shuka. Yana da wasu ƙananan farantai masu murfi, garau kamar gilashi, a cikinsu akwai abincin ƙwayoyin, wani abu mai kama da romon ƙafar saniya idan ya daskare. Zai goga abin da aka ɗebo daga jikin mara lafiya a kai, ya rufe, ya sa a akwatin ɗumi. Washegari sai ka tarar sun tsiro ɗigo-ɗigo, har ido na ganinsu ba tare da madubi ba. Wasu ruwan ɗorawa, wasu fari sol, wasu masu yauƙi, idan ya taɓa su da waya ya ɗaga sai su biyo ta. Akwai waɗanda ba sa tsira sai an haɗa musu abincin da jini, don haka yake kiwon wani rago a bayan ɗakin, yana ɗiban ɗan jininsa jefi-jefi. Ragon nan ya ja masa magana ba kaɗan ba. A kasuwa har cewa ake yi Garba Lab yana da abubuwan da yake ciyarwa da jini. Shi dariya yake yi, ya ce ai ba ƙarya suka yi ba. Ni kuwa abin yana ƙona mini rai.

Daminar da ta gabaci rasuwarsa, 'yan bindiga suka harbi maigidana, Baban Safiya, a gonarsa ta hanyar Dogon Dawa, yana tsakiyar huɗa. Allah ya sa ba su ɗauke shi ba. Harsashi ya shiga ƙwaurinsa na dama, ƙasa da gwiwa, aka kawo shi a babur jini na ɗiga. Aka yi masa aiki, muka yi hamdala, muka ɗauka an gama. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya rufe shi, ƙafa ta kumbura ta yi sumul, ciwon ya soma zubar da mugunya. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne launin. Duk bandejin da aka kwance sai a gan shi kore, kore mai ɗan shuɗi-shuɗi, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke hawa kai.

Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, ta taho daga Kuyello ta tare a gefen gadonsa. Ita ke wanke tsummokaran da ake shimfiɗa masa a ƙarƙashin ƙafar, kuma komai sabulu koren ba ya fita. Tun ranar farko ta yanke hukunci: dafi ne, mutanen daji sun shafa wa harsashi dafi, kuma dafi ba aikin asibiti ba ne. Duk macen da ta yi aure a ƙasarmu ta san tsakanin mace da uwar miji. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa musa mata ba, ko gaishe ta zan yi sai na durƙusa.

Likitan da ke duba shi matashi ne, mai gaskiya, kuma ya yi iya yinsa. Koren ya sa ya yi zargin irin ƙwayar, ya ba da allurar da aka saba yi musu, ba ta ci ba. Ya canja wata, ita ma shiru. Ranar Talata ya ɗauki biro ya zana layi a fatar ƙafar, daidai inda jan kumburin ya tsaya, ɗan ƙasa kaɗan da gwiwa. Sannan ya kira ni waje ya ce, “Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Idan jan nan ya ƙetare layin nan, ko muka kai Juma'a zazzaɓin bai sauka ba, dole in yanke. In ba haka ba shi za mu rasa gaba ɗaya.” Na ce a kai shi Kaduna mana. Ya tuna mini da 'yan bindigar hanya, abin da ni ma na sani. A makon nan ko direban da ya fi kowa taurin kai bai yarda ya hau hanyar ba.

Manomi ne fa. Gona ita ce cinmu, ita ce karatun 'ya'yanmu, kuma gonar ba a bakin titi take ba. Na koma na dube shi a kwance, yana sambatu, yana kiran sunan shanun huɗarsa.

A ranar Yaya ya zo da ɗan tsinke mai auduga ya ɗebi mugunyar daga can cikin ciwon. Na bi shi. A bakin ƙofa ya tsayar da ni, ya ɗaura takunkumi a hanci, abin da ba ya yi don ni. Ya ce mura ke damunsa. Ya shafa, ya rina, ya ɗiga ɗan mai a kan gilashin, ya juya tsohon madubin wajen taga. Lokacin marka ne, sama ta haɗe, muka tsaya jiran gajimare ya ɗan buɗe. Da haske ya zo ya leƙa, ya daɗe, sannan ya matsa can jikin bango ya ce in zo.

Na ga wasu manyan abubuwa dagaje-dagaje, ya ce sojojin jiki ne da suka mutu a fagen fama. A tsakaninsu kuwa, ko'ina, wasu 'yan siraran sanduna ruwan hoda, a warwatse kamar an kakkarya tsintsiya. Ba sa ƙirguwa.

“Ga ɓarayinki nan,” in ji shi. “Ba dafi ba ne. Amma ganinsu bai ishe mu ba, sai mun shuka su mun ji maganin da suke tsoro.”

To, nan ne gizo ke saƙar. Akwatin ɗumi ya mutu. Wutar gari ta daɗe da yankewa, man janareta kuma ɗan abin da ya rage an ajiye shi don ɗakin tiyata, tunda tanka ba ta shigowa. Ya ce a wannan sanyin markar za su tsiro, amma a hankali, kuma awon maganin ba zai zama abin dogaro ba. Ɗumin jikin mutum suke so, ba sama ba ƙasa. Sai ya buɗe durowa ya ɗauko wata 'yar shara mai aljihu ta ciki, wadda ni da hannuna na ɗinka masa shekara guda kafin nan ban san amfaninta ba. Ashe duk lokacin da wuta ta yi tafiyarta, shi ne akwatin ɗumin. A ƙarƙashin rigarsa yake yawo da farantan mutane.

Na ce, “To Yaya, ka saka mana.”

Ya ce, “Jikina ba ya tsayawa wuri ɗaya kwanan nan. Da yamma zafi, da asuba gumi. Ɗumin mai lafiya nake nema.”

Hankalina duk yana kan ƙafar nan, ban tsaya na auna maganar ba. Ya goga mugunyar a faranti, ya liƙe bakin da filasta, ya naɗe a leda, ya zura a aljihun. Ya ce kar in buɗe, kar in zauna kusa da murhu, kar in cire. Na ce, “Salla fa? In yi salla da najasa a jikina?” Ya ce in lokaci ya yi in kwance in naɗe a bargo, in na sallame in mayar, ɗan wannan ba zai ɓata komai ba.

Ba zan iya kwatanta muku yadda na ji ba. Abin da ke cin naman mijina, shi na ɗaura a kan cibiyata, ina ba shi ɗumina, ina addu'a ya girma. Tsigar jikina tashi take yi duk lokacin da na motsa na ji taurin farantin. Ina ba Baban Safiya ruwa a cokali, idona na kan layin biro, kuma na rantse jan ya ɗan matsa sama. Inna tana zaune a tabarma tana kallona. Ta riga ta aika ƙauye a nemo mata mota, ta ce gara ɗanta ya koma gida da ƙafarsa biyu ko da gawa ce.

Washegari da azahar na kwance 'yar sharar a ɓoye, na naɗe a bargo na tura ƙarshen tabarma, na tayar da salla a barandar ɗakin. Ina raka'a ta biyu na ji an jawo bargon. Sai ƙarar leda. Inna ce, ta ga rana ta ɗan leƙo, za ta shanya. Jama'a, ban taɓa yin sallar da ta yi mini tsawo kamar wannan ba. Kunnena na bayana, bakina na karatu. Ina jin ana warware ledar a hankali. Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta a sauran raka'o'in ba.

Ina sallamewa na juya. Farantin na hannunta, ta ɗaga shi sama tana kallo ta cikin haske. Ya tsiro. Inda Yaya ya goga duk ya cika da wasu faffaɗan ɗigo masu ƙyalli, abincin kuwa da jiya yake ruwan zuma ya rine ya koma kore.

Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi ban tsoro. Ta ce, “Ke 'yar nan, ashe abin da ake faɗa a kan ɗan'uwanki gaskiya ne. Da ɗana kuke ciyar da su?” Ta juya ta nufi bayan ɗaki, inda wutar masu girki ke ci.

Na bi ta da gudu. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba, na cafke wuyan hannunta a gaban mutane. Mata suka saki muciya suka tsaya kallo, wata ta yi salati. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban saki ba. Na durƙusa a cikin taɓo, hannunta na cikin nawa, na ce, “Inna, ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama, ko gidanmu kika ce in tafi zan tafi. Amma don Allah ki dubi launin. Ke ce mai wankin.”

Ta duba. Tsummokaran da ta wanke da safe suna nan a kan igiya kusa da mu, da tabonsu. Ta dubi igiya, ta dubi faranti. Ta ce, “Mu je wurinsa.”

Yaya bai yi mata musu ko ɗaya ba. Ya gaishe ta daga nesa, ya karɓi farantin, ya ɗan ɗaga murfin can gefe ya rufe. Ko daga inda muke tsaye warin ya iso, warin nan na bandeji sak. Ya ɗebo ɗan kaɗan da waya ya dama a ɗigon ruwa, bai rina ba wannan karon, ya ce, “Inna, bisimilla.” Ta sunkuya ta rufe idon da ya kamata ta buɗe. A wata rana da mun yi dariya. Ya gyara mata tsayuwa da baki, ta sake leƙawa. Ta daɗe ƙwarai. Sai muka ji ta ce, “La'ilaha illallahu. Motsi suke yi. Suna da rai!”

“Suna da rai, Inna, kuma haihuwa suke yi. Jiya ba a ganinsu a farantin nan, yau kin ga yadda suka cika shi. Dafi ba ya haihuwa.” Sannan ya tambaye ta a hankali ko akwai abin da ake sa wa ciwon ban da na asibiti. Ta kwance haɓar zaninta. Ja-da-yalo ne. Duk sanda ma'aikata suka juya baya sai ta ɗaga bandeji ta barbaɗa garin, kamar yadda ake yi wa kowane ciwo a ƙauye. Na zaci zai yi faɗa. Sai cewa ya yi, “To bari mu ba su su ɗanɗana a gabanki.”

Ya ɗauko sabon faranti ya shafe fuskarsa gaba ɗaya da ƙwayoyin. Ya jera wasu 'yan fararen takardu a kai, ƙanana kamar maɓallin riga, kowace da maganin da aka jiƙa ta da shi. Ya nuna wa Inna wadda take ɗauke da irin nata. Ya ce gobe, wadda suke tsoro za su bar mata fili, wadda ba sa tsoro za su hau kanta. Ya liƙe, ya naɗe, ya miƙo mini 'yar sharar. Inna ta riga ni kai hannu.

“Ba ni nan,” ta ce. “Cikin da ya ɗauke shi ya ɗauki wannan ma.”

Motar da ta aika nema ta zo da yamma, ta sallame ta. Daga nan muka raba aikin. Idan za ta yi salla sai ta kwance ta ba ni in ɗaura, idan ta sallame in mayar mata in yi tawa. Farantin nan bai ƙara taɓa bargo ba. Ba mu yi hira ba, ba mu saba ba. Amma duk sanda ta miƙo mini, ina jin ɗumin jikinta a kan yadin. Shi kuwa Baban Safiya bai san ana yi ba, zafin jikinsa kamar garwashi, jan kuma ya zo ya taɓa layin biro a wuri ɗaya.

Ranar Alhamis muka tsaya a bakin ƙofar Yaya, ni da ita, ya warware ledar. Faranti ya zama kore shar daga baki zuwa baki. Takardar farko, sun hau ta. Ta biyu, sun hau. Ta Inna kuwa sun kewaye ta sun manne mata, ko kaurin zare ba su bari ba. Allurai biyun da aka riga aka yi masa, su ma haka. Sai Yaya ya karkata farantin wajen taga, na hango wata can gefe, ita kaɗai, da fili garau kewaye da ita, faɗin murfin kwalba. Ya ɗauko ɗan ma'auni ya aza a bayan farantin. Ya auna, ya sake aunawa.

“Ya isa,” ya ce. “Auta, kira mini likita.”

Ashe allurar tana nan a ma'ajiyar asibiti. Mai ƙarfi ce, tana wahalar da ƙoda, shi ya sa likita ba ya son taɓa ta a kan zato, ga mutumin da jikinsa ya riga ya yi laushi. Da ya ga farantin da idonsa bai ɓata lokaci ba. Ranar Juma'a da safe ya zo ya yaye zanin, ya danna fatar, ya daɗe yana kallon layin. Jan bai ƙetare ba. Bai ja baya ba, amma bai ƙetare ba. Ya ce, “Mu ƙara masa kwana ɗaya.” Haka ya yi ta ƙara masa kwana ɗaya-ɗaya, har ranar da aka kwance bandeji muka gan shi ba kore. Inna ta ɗauke shi ta fita da shi waje tana nuna wa matan girki.

Sai bayan an sallame mu na tuna da murar Yaya. Ba mura ba ce. Shi da kansa ya ɗebi majinarsa, ya rina da rinin da ake yi wa masu tarin fuka, ya leƙa. Da bakinsa ya gaya mini, a tsakar gidanmu, ya zauna nesa da ni. Ya ce, “Jajaye ne, sirara, a kan shuɗi. Duk a cikinsu ba waɗanda suka kai su kyau.” Na ce ya daina wannan wasan, na fashe da kuka. Tarin fuka yana warkewa, ya sha faɗa wa mutane haka, kuma gaskiya ne. Amma nasa ya zamo irin wanda ba ya jin maganin farko. Ƙwayoyin tarin fuka ba sa tsira a kwana ɗaya kamar na mijina, makonni suke ɗauka, kuma ba a ɗaki irin nasa ake shuka su ba. Kafin a aika, kafin sakamako ya dawo, kafin a samu hanyar da zai bi ya je inda ake jinyar irinsu, ciwon ya ci ƙarfinsa. Na yarda da ƙaddara. Amma ƙarya nake yi idan na ce ba na jin haushin hanyar nan har gobe.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da faifan sola da nake hangowa a kan rufin asibitoci, zai ce 'yar sharar Auta ta yi ritaya. Zai yi murna duk ranar da ya ji an ce motoci sun wuce lafiya, ko da yake shi ba mai saurin sakin jiki ba ne. Amma da zai tsaya a kemis ɗin nan tare da ni, na san fuskarsa za ta canja. Ya taɓa ce mini abin da ke hana shi sukuni shi ne filin nan da ke kewaye da takarda yana ƙara tsukewa shekara bayan shekara, saboda mun mayar da kafso kamar goro, mu sha, mu ba kaji, mu ba shanu, mu daina da zarar mun ji dama-dama. Ya ce akwai ranar da zai buɗe faranti ya karkata shi wajen taga, ya rasa ko guda ɗaya. Ni na tsaya a gaban farantin da saura guda ɗaya, na san abin da yake nufi.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ragon ma wani abokinsa Bafillace ya kai shi ruga. Amma a Kuyello akwai wata tsohuwa da ta rage ganin gari, wadda har yau idan ta ji ana shirin fasa kafso a kan ciwo sai ta daka tsawa, ta ce, “Suna da rai, ni na gan su, kuma wannan ba ya yi musu komai!” Ba wanda ya isa ya musa mata. Ni kuma tun daga ranar nan, idan na je gaishe ta, sai ta jawo hannuna ta riƙe, daidai wurin da na taɓa riƙe nata.

Ranar da aka ɗauki Yaya an kwana ana ruwa, layinmu duk ya caɓe. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, don haka na tsaya a ƙofar zaure ina leƙe. Kun san yadda ake yi, ana karɓa-karɓa ne, kowa ya ɗan ɗauka ya ba wani. Baban Safiya ya shiga ƙarƙashin makarar ta gaba, ɓangaren dama, yana ɗingishi. Mutane suka yi ta taɓa kafaɗarsa, “Malam, kawo a karɓe ka, ƙafarka.” Ya ƙi. An gaya mini har bakin kabari bai saki ba. Da suka sha kwana na daina ganinsu, sai na sunkuyar da kai, na ga sawunsa a cikin taɓo. Ɗaya ya nutse sosai, ɗaya yana jan ƙasa, amma biyu ne.

Ɗazu ya dawo daga gona, taɓo har gwiwa. Na kawo masa ruwa a buta ya zauna a bakin rijiya yana wankewa. Ya gama ta hagu, ya koma ta dama, ya tsaya a kan tabon yana shafawa. Bai dube ni ba, ya ce, “Yau ne ko?” Na ce yau ne. Ya ce, “Allah ya jiƙan Garba.” Na ce amin, na ƙara masa ruwa.